Baitin da Kaka Ya Ƙi Cirewa

Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar gidan ɗana a nan Ƙanƙara, ban tsokani kowa ba, ina fama da wani goro da haƙorana suka ƙi amincewa da shi, sai ga wani magini a kan katangar maƙwabta yana jera bulo yana fito. Da farko ban kula ba. Can sai kunnena ya kama karin. Kafin in yi a'uziyya ya bar fiton ya buɗe baki:

Ɗan boko ya riga kowa fita,
Ciyawa ta riga shi komowa.
Ya lulluɓe ta da bargon ƙasa,
Ta yi barci, ta tashi, ta gode.

Na ce, "Kai samari, ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Wallahi Baba, a bakin tsohuwata na ji, mutuniyar Faskari ce. Wai wani malalaci aka yi a zamanin da."

Na ce Allah ya yi mashi albarka, amma ya duba aikinsa, layin bulon ya karkace. Layin bai karkace ba. Na dai so shi ma ya wuni da abin da zai dame shi.

Mai karatu, malalacin nan ni ne. Na yi furfura, na aurar da 'ya'ya, na aurar da jikoki, an sha tsayar da ni liman idan liman da na'ibinsa duk sun yi tafiya, amma har yau wannan baiti yana bi na gari-gari kamar karen da na taɓa ba ƙashi. Wanda ya ɗaura mani shi kuwa ba maƙiyi ba ne. Kakana ne, mahaifin uwata.

Ƙauyenmu yana bayan Damari, ƙasar Sabuwa, inda ɗorawa da kaɗanya suka yi yawa har gona ba ta rasa inuwa. Kaka a gidan Maguzawa aka haife shi, sai da gemunsa ya fara fari ya kama salla, kuma da ya kama bai sake ta ba. Waƙa ce kaɗai ya ce da ita ya zo, da ita zai koma. Gajere ne, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, idan kuka yi hira da shi sai ka matso kusa don muryar ba ta fita. Amma a tsayar da shi a bakin gona ranar gayya, mata a cikin gari suna jin sa suna surfe.

Bai taɓa yarda da ganga ba. Sauran mawaƙan noma kowa da makaɗansa, shi kuwa ya ce ƙarar garma a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ishe shi. Yakan shiga gaban manoma yana tafiya da baya, hannu ɗaya a kunne, idanu kusan a rufe, kuma ban taɓa ganin ya taka dawa ko ɗaya ba. In ya ja baiti ya sauke, samari su amsa, "Sari, ɗaga, juya!" garemani su faɗi a tare. Ko kana jin ciwon baya, sai an tashi kake tunawa.

Waƙarsa ɗaya ce tak, sai dai doguwa ce, daga hantsi har rana ta take tsaka ba ta ƙare ba. Ta gari ake ce mata. Duk manomin da ya isa a ƙauyen yana da baitinsa a ciki, a jere, tun daga waɗanda suka sare dajin suka kafa gari har zuwa na raye. Ba a sayen baiti. Wani attajirin hatsi ya taɓa aiko mashi da akuya don a saka ɗansa. Kaka ya karɓi akuyar, ya gode, ya yi wa akuyar baiti, wai ta fi ɗan mai ita cire ciyawa. Tun daga nan ba wanda ya sake gwadawa. Hanya ɗaya ce: ranar gayyar sarkin noma ka riga kowa fitar da kunyoyinka. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma rabin abin ne.

Dalilin da ya sa rabi na sani, makaranta. Hukuma ta ce kowace unguwa ta ba da yaro, mai unguwa ya duba ya ga ni ne gida zai fi saurin haƙura da rashina, aka kai ni Faskari wajen wani ɗan'uwan babanmu. Aji huɗu na yi. Kada ka raina aji huɗu na lokacin, ina karanta wasiƙa in an rubuta ta da manyan baƙi, ina kuma iya ƙidaya da Turanci har inda numfashina ya tsaya. Na dawo gida da gajeren wando, da fensir a bayan kunne. Fensirin ba ya rubuta komai, tsininsa ya karye tun a hanya, amma ban cire shi ba ko gona za ni.

Sa'o'ina duk sun riga ni shiga waƙar. Ni kuwa akwai 'yar gidan maƙeri da ke kawo fura gona ranar gayya. Duk saurayin da Kaka ya ambata, in an zo baitinsa sai ta rangaɗa guɗa. Ni sai ta miƙo mani ludayi ta ce, "Sannu da rana, malamin makaranta." Wannan sannun ta fi zagi ciwo.

Na sami Kaka yana tufka igiya a zaure, na durƙusa na ce, "Kaka, jikanka na cikinka ba ya cikin waƙarka. Ba ka jin kunyar mutane?"

Bai ɗago ba ya ce, "Ina ji. Shi ya sa ban saka ka ba."

Na ce, "To me zan yi?"

Ya ce, "Angon kakarka, gona tana nan inda ka bar ta."

Damina ta yi nisa, dawa ta kai gwiwa, aka sa ranar maimai a gonar sarkin noma. Maimai, don 'yan birni, shi ne noma na biyu, lokacin da ciyayi irin su ƙiri-ƙiri da harƙiya suka samu ruwa suka miƙe ƙafa. An yi ruwa daren jiya, ƙasa tana ƙamshi, ƙwaryar fura tana ƙarƙashin kaɗanya an rufe da faifai. Aka jera mu a bakin gona, kowa da kunya shida. Ƙanena, wanda ke bi na da shekara biyu, yana hannun damana. Shi ba mai magana ba ne, tun yana ƙarami sai ka tambaye shi abu sau biyu.

A nan ilimi ya motsa mani. Na lura kowane manomi sara biyu yake yi a wuri ɗaya: na farko ya yanke saiwar ciyawa, na biyu ya juya ta sama don rana ta kashe ta. Na ce a raina, waɗannan bayin Allah ba su yi lissafi ba. Biyu a ɗebe ɗaya, saura ɗaya. Me zai hana in kwaso ƙasa daga kwari in kifa wa ciyawar a sara ɗaya? Ido dai ba ya ganin ta, kunya ta yi baƙi ta yi kyau.

Kaka ya ɗora hannu a kunne ya fara. Na kama kifa ƙasa. Wallahi tafiya nake kamar ana tura ni. Na wuce ƙanena, na wuce manyan barade masu ƙirji kamar ƙofar rumbu, har na kusa taka Kaka, ya buɗe ido ɗaya ya dube ni ya matsa gefe. Kafin a kai rabin waƙar na fitar da ta shida, na ɗaga garma sama. 'Yar maƙeri ta rangaɗa guɗa, guɗata ta farko a duniya. Aka ɗaga ni a kafaɗa. Ƙanena ya fito daga baya can, ya dubi kunyoyina, ya dube ni, ya saɓa garmarsa ya nufi gindin kaɗanya.

Na jira baiti a ranar, shiru. Da yamma na ce wa Kaka, "Ko muryar ce ta dushe?"

Ya ce, "Sai gona ta ba da shaida."

Wannan shi ne rabin da ban sani ba. Kowane yaro a ƙauyen ya san Kaka ba ya yi wa mutum baiti sai bayan kwana bakwai, sai ya koma gonar shi kaɗai ya duba aikin. Lokacin da sa'o'ina ke koyon wannan, ni ina Faskari ina koyon sunan kogunan ƙasashen da har yau ban je ba.

A cikin kwana bakwai ɗin aka yi ruwa sau uku. Ranar ta bakwai ban iya haƙuri ba, na bi bayansa daga nesa. Tun kafin in isa na hango abin. Gonar sarkin noma baƙa ƙirin daga wannan gefe zuwa wancan, sai layi shida a tsakiya kore shar, kamar an shimfiɗa sabon zane. Ciyawar da na binne ta samu taki da danshi, ta fito ta fi wadda ba a taɓa ba lafiya. Kaka ya tsaya a kanta ya daɗe. Ya tsuguna ya tsinko ɗaya, ya duba saiwarta, ya soke ta a bayan kunne inda nake soke fensir, ya juya gida yana gunguni. Da na ji gungunin nan na san ta ƙare.

Ni dai ban koma gonar ba, ciwon ciki ya kama ni na kwana biyu, ciwon da ba ya hana cin tuwo. Ashe a kwana biyun nan ƙanena ya ɗauki garma, ba wanda ya aike shi, ya bi kunya shidan nan ɗaya bayan ɗaya ya tone su, don kada sarkin noma ya zo gidanmu da magana.

Gayya ta gaba, a gonar liman, ita ce ranar da aka raɗa mani suna na biyu. Kuma don Allah ya nufa abin ya cika, ranar ce wani Bature, Fada na mishan da ke cikin unguwannin Maguzawa, ya zo a kan babur da akwatin ɗaukar magana. Ya ce shi mutumin wata ƙasa ce Ailan, wai can ma tsofaffinsu haka suke waƙa, ba kiɗa, ido a rufe, kuma suna ta mutuwa da waƙoƙinsu a ciki. Yana jin Hausa sosai, abin da ban yafe mashi ba ke nan. Kaka ya bi ta kan matattu, ya bi ta kan rayayyu, ya iso ƙarshe inda kowa ya san nan waƙar ke tsayawa, sai bai tsaya ba. Ya saki baitin da maginin nan ya rera jiya.

Garemani suka zube. Wani barde ya kwanta a kwari yana riƙe ciki. 'Yar maƙeri ta fara guɗa dariya ta sarƙe ta. Baturen ya share hawaye ya ce iska ta ɓata mashi wurin, don Allah Baba a maimaita. Aka maimaita. Saboda haka in akwatin nan bai lalace ba, abin kunyata yana can ƙasar Turawa, sau biyu. Bayan nawa Kaka ya ɗora na ƙanena, duk da bai riga kowa fita ba. Ya ce gona ta ba da shaida, shi ba ruwansa.

Kada ka ɗauka na zauna haka. Na jefar da fensir, na koyi sara biyu. Bayan damina huɗu na riga kowa fita da gaskiya, kwana bakwai suka cika kunyoyina ko tsinke babu. Kaka ya yi mani layi biyu na yabo can gaba a waƙar. Ka taɓa jin wani magini yana rera su? Ni ma ban taɓa ji ba. 'Yar maƙeri ta aure ni, ta ce tausayi ne, kuma har yau in na rufe wata magana a gida sai ta ce, "Malam, bargon ƙasa ne ko?"

Duk gayyar da aka yi bayan nan, tun daga baitin farko nake kasa kunne. Ba don ƙaunar waƙar ba. Jira nake in ga ko yau tsufa zai sa ya manta nawa. Shekara da shekaru ina bin sa baiti-baiti kamar mai gadin kasuwa. Ya manta sunan jikokinsa, ya manta inda ya ajiye carbi, ya taɓa fita da takalmi ƙafa ɗaya, amma bai taɓa tsallake ni ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, wata rana bayan la'asar na shiga na zauna a bakin gadon karan. Na ce, "Kaka, mutum yana so ya tafi ba haƙƙin kowa a kansa. Ka ce ka cire baitin nan, in shaida wa mutane."

Ya juyo ya dube ni. Sai ya ce, "Ƙarya na yi maka?"

Na ce, "A'a, amma na gyara."

Ya ce, "Na faɗa ai, can gaba. To ko na cire, bakin mutanen gari fa? Gida-gida za ka bi? Miƙo mani kunun nan kafin ya huce."

Kwana uku bayan nan muka kai shi makwancinsa.

Gayya ba ta daɗe a bayansa ba. Shanun huɗa suka yawaita, maganin feshi ya zo, mutum ɗaya da jarka a baya yana kashe ciyawar da samari ashirin ke wuni a kanta. Ba wanda ke waƙa da jarka a baya, hanci ma toshe shi ake yi. Daga baya mutanen daji masu bindiga suka zo suka ƙarasa abin da ya rage. Ƙauyen ya watse, wasu Sabuwa, wasu 'Yankara, mu nan. Ƙanena ya ce shi ba zai bar dawarsa ba a yi mata maimai ba. A gonar suka same shi. Ba zan tsawaita a nan ba.

Watannin baya jikata da ke karatu a kwaleji ta zo da waya, wai an ba su aikin tattara waƙoƙin da. Ta ce ta bi tsofaffin ƙauyenmu duk inda suka warwatsu. Wannan ya tuna rabin baitin ubansa, wancan ya tuna amshi. Abu ɗaya ne kowa ya kawo mata cikakke, har da masu ciwon mantuwa. Ta faɗa tana danne dariya.

Na ce, "Ke amaryar wofi, ajiye wayar nan a gabana. Ta gari gaba ɗayanta tana cikin kan nan."

Ta ce, "Kai tsoho, kai da ba ka tuna inda ka sa hularka?"

Na ɗora hannu a kunne. Ni kaina na yi mamaki. Muryata kamar ana jan tsohon ƙyaure, amma mutanen suka dinga fitowa ɗaya bayan ɗaya, masu saran daji, barade, har akuyar attajiri. Tsohuwata, 'yar maƙeri, tana bakin murhu tana amsa mani a hankali. Ina tafe ina shawara da zuciyata: Kaka ya tafi, Baturen ya tafi, yau waƙar a hannuna take. Abin da ya shiga wayar nan shi ne zai zauna. Da na iso kan nawa, sai na yi tari, na tsallake.

Sai waƙar ta tsaya cak. Na buɗe baki in ɗauko na ƙanena, babu. Na san da shi, na san layi huɗu ne, na ji shi sau ɗari, amma ko kalmar farko ta ƙi zuwa. Na koma baya na sake tahowa, na sake tsallakewa, na sake faɗawa rami. Duk waɗanda ke bayansa su ma shiru, har da layi biyun yabona. Ashe tsohon nan ɗinke baitocin ya yi, saukar kowane ɗaya ita ke ɗauko na gaba, kuma ni a jere na haddace su, ban taɓa ɗaukar ɗaya shi kaɗai ba.

Na ce wa tsohuwa, "Ke, tuna mani na marigayi."

Ta ce, "Ni naka kaɗai na riƙe, Malam. In ja maka?"

Jikata ta daina dariya. Ta ce, "Kaka, 'ya'yansa sun ce in na samu na babansu in tura masu. Babu wanda ya iya shi a cikinsu."

Na zauna ina duban wayar. Na yi wa Kaka addu'ar rahama, a cikinta na gaya mashi abin da ke raina, Allah ya yafe mani. Sannan na mayar da hannu kunne, na rera ɗan boko da bakina, da bargonsa, da barcin, da godiyar, ban rage ko wasali ba. Ina sauke shi na gaba ya taho da kansa:

Ƙanen ya bi sawu bai ce uffan ba,
Ya tono ta har inda ta ɓuya.
Rana ta gaji ta bar shi a duƙe,
Dawa ta san hannun da ya cece ta.

Daga nan har ƙarshe ban ƙara tuntuɓe ba.

Yanzu ta gari tana cikin waya, ta je Sabuwa, ta je 'Yankara, an ce har Legas wajen masu ci-rani. Yaran da ba su taɓa riƙe garma ba suna jin sunan gonakin da ba za su iya zuwa ba. Na roƙi jikata ta rubuta a ƙasa cewa ɗan bokon ya shiryu daga baya, ta ce malaminsu ya hana ƙari.

Ran juma'ar da ta wuce babban ɗan ƙanena ya zo daga Sabuwa, a kan wannan hanya da ke karya ƙugu. Ya zauna a tabarmata ya ce a kunna mashi. Jikata ta ce za ta iya kai shi kan na babansa kai tsaye. Ya ce a'a, a faro daga na Baffa, haka aka jera su. Aka kunna. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, a gabana, a gidan ɗana, bayan ya ci tuwona. Da layi huɗu na gaba suka shigo ya ɗauki hular ya rufe fuska da ita.

Ya daɗe a haka. Da ya sauke ta ya ce, "Baffa, a sake."

Na ce, "Daga ina?"

Ya ce, "Daga naka."

Sau biyar aka sake. Ina zaune, ban hana ba.